Turi da martani: dokar Niyuton ta uku a gida, a gona da kan hanya

 A filinmu na kimiyya yau, bayani ne a kan wata doka da ɗaliban lise ke haddacewa don jarrabawa, alhali mai daka, mai amalanke, ɗan kokawa da ɗan kabu-kabu kullum da ita suke aiki ba su san sunanta ba. Ana ce mata dokar turi da martani, ko dokar Niyuton ta uku. A littattafan lakwal na Faransanci sunanta principe des actions réciproques. Wanda ya gane ta zai san dalilin da ya sa mota ke kafewa cikin rairayi, da abin da ke sa bindiga harbin kafaɗar mai ita, da kuma dalilin da ya sa in babur ya yi karo da babbar mota, mai babur ne ke kwana asibiti.

Abin da dokar ta ce

A ilimin fizik, in an ce "ƙarfi" ana nufin turi ko ja. Dokar kuwa ga ta a taƙaice: duk sa'ad da wani abu ya tura wani abu ko ya ja shi, shi ma na biyun yana tura na farkon ko ya ja shi, da ƙarfi daidai wa daida, ta fuskar da ke kishiyar ta farko.

Ku gwada yanzu inda kuke zaune. Danna babban yatsanka a jikin bango. Za ka ga naman yatsan ya lotsa, farcen ya yi fari. To wa ya lotsa shi? Bangon ne. Kai ka tura bango, bango ya turo ka. Ƙara ƙarfi, ka ji ya ƙara. Sassauta, ka ji ya sassauta. Ɗauke yatsan, duka biyun sun ɓace tare.

Ke nan ƙarfi ba ya zuwa shi kaɗai, tagwaye ake haifarsa. Ana gane waɗannan tagwaye da alamomi huɗu:

- Girmansu ɗaya ne, babu wanda ya fi wani ko da ƙiris.
- Suna fuskantar juna: in ɗaya ya nufi gabas, ɗayan yamma ya nufa.
- Tare suke farawa, tare suke ƙarewa. Kalmar "martani" kada ta ruɗe ku, ba jira bangon ke yi ka gama turi sa'an nan ya rama ba.
- A kan abubuwa biyu dabam suke sauka: ɗaya a kan bango, ɗaya a kan yatsa.

Alama ta huɗun nan a riƙe ta da kyau, don ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Ana auna ƙarfi da ma'aunin da ake kira niyuton. Ƙarfin da hannunka ke ji in ka ɗauki kilo 1 na sukari ya kusa niyuton 10. Buhun gero mai kilo 100 yana danna ƙasa da kusan niyuton 1000.

Daga ina ta fito

Izak Niyuton mutumin Ingila ne. An haife shi ranar 25 ga Disamba 1642 bisa tsohuwar kalandar ƙasarsu, a wani ƙauye mai suna Wulstop. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu kafin a haife shi. Mahaifiyarsa ta so ya riƙe gonar gidan, amma noma bai karɓe shi ba, sai anka mai da shi karatu, ya shiga jami'ar Kambirij a 1661. A 1687 ya fitar da littafinsa da anka fi sani da Principia, cikin harshen Latin, wani abokinsa masanin taurari mai suna Edmon Hali ya biya kuɗin bugawa. A cikinsa ne ya jera dokoki uku na motsi. Ta farko ta ce abu ba ya sauya halin da yake ciki, na tsayuwa ko na tafiya, sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Ta biyu ta ce gwargwadon nauyin abu, gwargwadon wuyar sauya masa gudu. Ta uku ita ce tamu ta yau. Niyuton ya rasu a 1727, kuma da sunansa anka raɗa wa ma'aunin ƙarfi.

Bai tsaya ga faɗa da baki ba, ya gwada. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa kowane yaro zai iya yin sa a tsakar gida. A samu maganaɗisu, irin wanda ake cirowa daga lasifikar tsohuwar rediyo, da ƙaramin guntun ƙarfe. A ɗora kowanne a kan sakaina, a sa su cikin daro mai ruwa, kusa da juna. Mu dai mun saba cewa maganaɗisu ne ke jan ƙarfe. Amma za ku ga sakainun biyu duka sun taso suna nufar juna, don ƙarfen ma yana jan maganaɗisun. In sunka haɗu kuma sai su tsaya cik. Da a ce jan ɗaya ya fi na ɗayan, da mai ƙarfin ya yi ta tura ɗan uwansa har bakin daro.

Tafiya da ƙafa, da motar da ta kafe

Ba mu cika tunanin yadda muke tafiya ba. Abin da ke faruwa shi ne, ƙafa tana tura ƙasa baya, ƙasa kuma tana tura mutum gaba. Wannan turin na ƙasa shi ke tafiyar da kai. Shaida ita ce, ranar da ƙasa ta ƙi karɓar turinka, ba ka zuwa ko'ina. A kan siminti mai ruwan sabulu ƙafa zamewa take. A cikin taɓon fadama da damina haka nan. A kan tudun rairayi kuwa kana takawa yashin na gudu baya, shi ya sa tafiyar kilomita ɗaya cikinsa ta fi ta kilomita biyu a kan fako gajiyarwa.

Mota ma haka take. Injin ba ya tura mota gaba kai tsaye, taya yake juyawa. Taya ta tura hanya baya, hanya ta turo mota gaba. In motar ta faɗa rairayi, direba ya yi ta taka totur, taya na watsa yashi baya tana haƙa wa kanta rami, motar ko motsi. Ƙarfin injin yana nan, abin turawa ne babu. Don haka direbobin da sunka san hanyoyin arewa, wajen Agadas da Tanut, suke rage iskar taya don ta baje ta kama yashi mai yawa, ko su shimfiɗa faranti na ƙarfe ko rassan itace a ƙarƙashinta. Abin da taya za ta dafa suke ba ta.

Nan ne kuma amsar wata tambaya da yara kan yi: me ya sa fasinjojin da ke cikin mota ba za su iya tura ta daga ciki ba? Hannunsu na tura kujerar gaba, ƙafarsu na tura daɓen motar baya, duka a jikin mota ɗaya, sai a tashi babu riba. Dole su sauko su taka ƙasa.

Jaki da amalanke

Ga tambayar da ta fi ruɗa ɗalibai. In jaki ya ja amalanke gaba, doka ta ce amalanken ma yana jan jakin baya da ƙarfi daidai da nasa. To in haka ne, yaya ake yi su motsa? Ashe ba sai ja ya cinye ja, su tsaya wuri ɗaya har abada ba? Niyuton kansa ya kawo misali irin wannan, da doki mai jan dutsen da anka ɗaura wa igiya.

Amsar tana cikin alama ta huɗu. Ƙarfi biyu suna kashe juna ne in a kan abu ɗaya sunka sauka. Waɗannan kuwa ɗaya na kan amalanke, ɗaya na kan jaki. Sai a duba kowa da lissafinsa.

Mu fara da amalanke. Me ke taɓa shi? Jaki na jan sa gaba, mu ce da niyuton 300. Ƙasa da gogayyar taya suna riƙe shi baya, mu ce da niyuton 200. Ja ya rinjayi riƙo, amalanke ya gangara.

Sai jaki. Amalanke na jan sa baya da niyuton 300 ɗin nan. Amma kofatonsa na tura ƙasa baya, ƙasa na turo shi gaba, mu ce da niyuton 350. Turin ƙasa ya rinjayi jan amalanke, jaki ya yi gaba.

Kun ga ba tsakanin jaki da amalanke ake yin nasara ba, a ƙasa ake yin ta: kofato ya fi taya kama ƙasa. Wannan ne amfanin taya tun asali, ta rage riƙon da ƙasa ke yi wa kaya. In an shiga rairayi mai zurfi sai lissafin ya juye, taya ta nutse riƙo ya ƙaru, kofato ya rasa madafa turi ya ragu. A nan duka ba ya ƙara wa dabba komai. A rage kaya, ko a sauka a tura.

Akwai abin da masu amalanke ya kamata su lura da shi. Wancan ja na baya da amalanke ke yi, a jikin dabbar yake sauka, daidai inda igiya ko ƙarfe ya taɓa fata. In siririyar igiya ce, duk ƙarfin a layi ɗaya zai taru, shi ne ke zama gyambo a ƙirji da gadon baya. Faffaɗan maɗauri da akumari mai kauri ba su rage nauyin kaya, amma suna raba ƙarfin a wuri mai faɗi, fata ta huta.

A filin kokawa

Tun 1975 da anka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, kusan duk shekara jihohi ke fafatawa, kuma duk mai kallo yana da ra'ayinsa a kan wanda ya fi ƙarfi. To ga abin da fizik ta ce: in ƴan kokawa biyu sunka sarƙe, ƙarfin da wannan ke tura wancan da shi daidai yake da wanda wancan ke turo shi da shi, ko da ɗaya ƙato ne ɗaya siriri. Bambancin yana ga abin da kowannensu ke samu daga ƙasa, da yadda ya dasa ƙafafunsa. Mai nauyi ya fi danna yashi, don haka yashi ya fi riƙe shi. Wanda ya buɗe ƙafa ya sunkuya ya fi wuyar turewa. Shi ya sa gwani ke neman ƙafar abokin karawarsa. Da zarar ya ɗaga ta daga ƙasa, ya raba shi da inda yake aro ƙarfi, komai kaurin damtsensa.

Turmi da bakin rijiya

Mai daka ta san dokar nan a tafin hannunta. Taɓarya ta daki hatsi da gindin turmi, su ma su doke ta, shi ya sa take ɗan tasowa sama bayan kowane bugu, kuma shi ya sa kan taɓarya ke cinyewa da shekaru ko da yake gero ya fi ta taushi. Kantar da ke fitowa a hannu ita ma shaida ce: yadda hannu ke matsa taɓarya haka taɓarya ke matsa hannu.

A bakin rijiya kuwa maganar ta wuce kanta, ta kai ga rai. Guga mai lita 20 cike da ruwa kilo 20 ne, wato kusan niyuton 200. Kana jan sa sama, shi ma yana jan ka zuwa cikin rijiya da wannan ƙarfin. Abin da ke hana ka bin sa shi ne riƙon da ƙasa ta yi wa ƙafarka. Bakin rijiya kuwa kullum a jiƙe yake, ga santsi. Babba mai kilo 70 zai iya jurewa, amma ga yarinya mai kilo 30, gugan ya kai kashi biyu cikin uku na nauyinta. Don haka a ba yara ƙaramin guga, kada kowa ya naɗe igiya a wuyan hannu ko a ƙugu, kuma a gyara dakalin rijiya ya zama mai kaushi. Inda ake ja da sa ko raƙumi, kada a tsaya cikin lauje-laujen igiyar da ke ƙasa.

A kan ruwa

Masu kwale-kwale a kogin Isa, daga Yamai har Gaya, da masunta na tafkin Madarunfa da Tabalak, da filafili suke tura ruwa baya, ruwa ya tura jirgi gaba. Inda ba zurfi su kafa gora a ƙasa su tura. Mai iyo da kifi duk haka suke yi.

Hatsarin yana wajen sauka. In ka yi tsalle daga ƙaramin jirgi zuwa gaɓa, ƙafarka na tura jirgin baya. A kan tudu, ƙasa ba ta gudu in ka tura ta, amma jirgi gudu yake. Wani kaso na ƙarfin tsallen naka sai ya tafi wajen korar jirgin, kai kuma ka faɗa tsakanin jirgi da gaɓa. Gwargwadon rashin nauyin jirgin, gwargwadon yadda zai kuɓuce maka. A jira matuƙi ya ɗaure shi ko ya riƙe shi da gora, sa'an nan a sauka ɗaya bayan ɗaya.

Masu noman rani ma sun san yadda tiyon injin ban ruwa ke fizgewa yana bulala in an sake shi. Tiyo na tura ruwa waje, ruwa na tura tiyo baya. A riƙe bakinsa ko a danne shi kafin a tada inji.

Me ya sa bindiga ke harbin mai ita

In albarushi ya kama, iskar wutar na tura harsashi gaba, tana kuma tura bindiga baya, da ƙarfi ɗaya, cikin lokaci ɗaya. To me ya sa harsashi ke kashe barewa, maharbi kuwa kafaɗa kawai ke masa tsami? Nauyi ne. Mu ɗauka bindiga kilo 4 ce, harsashi giram 20. Bindigar ta ninka shi sau 200. In harsashin ya fita da gudun mita 300 a daƙiƙa, bindigar za ta komo baya da wajen mita ɗaya da rabi a daƙiƙa. Ƙarfi ɗaya, sakamako dabam.

Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin maharba ke cewa a manna gindin bindiga a kafaɗa sosai. In an manna, bindiga da jikin mutum sun zama abu ɗaya mai nauyi, sai turin ya zo da sauƙi. In an bar rata, bindigar ta samu filin gudu ta zo ta daki ƙashi. Wanda kuma ya cika wa bindigar gargajiya albarushi don ta yi nisa, ya sani ya ƙara wa na baya daidai yadda ya ƙara wa na gaba.

Karon babur da babbar mota

Nan ne dokar ta fi shafar gidajenmu. Ku ɗauki babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa har Damagaram. Manyan motoci maƙare da albasar Galmi da babura ɗauke da mutum biyu ko uku, duk kwalta ɗaya suke bi.

In babur ya yi karo da babbar mota, wa ya fi dukan wani? Yawancin mutane za su ce motar. Doka ta ce dukan ɗaya ne: ƙarfin da mota ta daki babur da shi, da shi babur ya daki mota. Amma mu ɗauka babur da mahayinsa kilo 200 ne, motar da kayanta tan 20, wato kilo 20,000. Ta ninka shi sau 100. Dukan da zai sauya gudun babur da kilomita 50 a awa, rabin kilomita a awa kawai zai rage wa motar. Direba zai ji ɗan gigif, mai babur kuwa an yi jifa da shi. Kowa ya san ƙarshen karon ƙwai da dutse, ko wanne ya faɗa wa wani. Ba don dutse ya fi duka ba ne, don ƙwai bai iya ɗaukar abin da dutse ke ɗauka ba.

Kan mutum da kwalta haka suke. Wanda ya faɗi yana gudun kilomita 50 a awa, kamar wanda ya faɗo daga tsayin mita 10 ne, wajen bene mai hawa uku. Kai ya daki kwalta, kwalta ta daki kai. Babu hular da za ta soke wannan doka. Abin da hular kwano ke yi biyu ne: ƙoƙonta na waje yana baza dukan a wuri mai faɗi, soson da ke ciki kuma yana lotsawa a hankali, ya tsawaita lokacin tsayawar kai. In lokacin tsayawa ya ninka, ƙarfin duka ya ragu da rabi. Wannan ɗan bambanci na ƙiftawar ido shi ne tsakanin ciwon kai da fashewar ƙoƙon kai. Hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuwa, tun kafin kai ya isa ƙasa ta yi nata wuri.

A cikin mota ma lissafin bai sauya ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta daki itace ta tsaya cikin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, mutum mai kilo 70 yana bukatar ƙarfin da ya kusa nauyin tan 1 kafin ya tsaya tare da ita. Babu hannun da zai dafe gaban mota ya riƙe tan guda. Jariri mai kilo 10 da ke kan cinyar uwarsa, a wannan lokacin sai ta riƙe abin da ya kai kilo 140, kusan buhu ɗaya da rabi na gero, kafin ta hana shi kuɓucewa. Ba rashin ƙauna ke sa ya fita daga hannunta ba, ƙarfin ne ya wuce na ɗan Adam. Don haka ake cewa a ɗaura ɗamarar kujera, yara kuma a baya.

Daga balan-balan zuwa wata

Hura balan-balan ka sake shi ba ka ɗaure ba. Yana tura iska baya, iska na tura shi gaba. Jirgin saman da ke ɗauko ƴan uwanmu na ƙetare ya sauke su a filin Diori Hamani na Yamai, injinansa iska suke zuƙa su watsa ta baya da ƙarfi. Jirgi mai saukar ungulu da shaho kuwa ƙasa suke tura iskar, ita kuma ta riƙe su a sama.

To roka fa, da ke zuwa inda babu iska sam? Wannan tambaya ta taɓa kunyata wata babbar jarida. A watan Janairu 1920, jaridar New York Times ta Amurka ta yi wa wani malamin jami'a mai suna Robat Godad ba'a, don ya ce roka na iya kaiwa wata. Hujjarta ita ce wai a sararin da babu iska roka ba ta da abin da za ta tura. Abin da marubucin bai gane ba shi ne, roka da abin turawarta take tafiya. Tana ƙona man da ta ɗauko, ta tura hayaƙin baya da gudu mai tsanani, hayaƙin ya tura ta gaba. Godad bai fasa ba: ranar 16 ga Maris 1926 ya harba roka ta farko mai aiki da mai na ruwa, ta tashi wajen mita 12 cikin daƙiƙa biyu da rabi. Ya rasu a 1945. Sai ranar 17 ga Yuli 1969, kwana ɗaya bayan tashin kumbon Apolo 11 da ya kai mutane wata, jaridar ta buga gyara ta janye maganarta, bayan shekara 49. Taurarin ɗan Adam da ke kawo mana hotunan talabijin da hasashen damina, duk da wannan doka anka kai su sama.

Tarkon da ke kama ɗalibai

Dokar tana aiki ko abubuwa ba su taɓa juna ba. Duniya na jan mangwaro mai giram 300 da kusan niyuton 3, mangwaron ma yana jan duniya da niyuton 3. Mangwaro ne ke faɗowa don nauyin duniya, in za a rubuta shi da kilo, 6 ne da sifiri 24 a bayansa. Haka duniya ke jan wata, wata na jan duniya, kuma wannan jan ne babban dalilin cikowa da janyewar ruwan teku da ƴan uwanmu na Kwatano da Lome ke gani kullum.

Ga inda ɗalibai ke faɗawa a jarrabawa. An ajiye buhu a ƙasa. Duniya na jan sa ƙasa, daɓe na tura shi sama, ƙarfin biyu daidai suke, suna fuskantar juna. Sai ɗalibi ya rubuta cewa su ne turi da martani. Kuskure ne, don duka biyun a kan buhu sunka sauka. Abokin tagwaicin jan da duniya ke yi wa buhu shi ne jan da buhu ke yi wa duniya. Abokin tagwaicin turin da daɓe ke yi wa buhu shi ne dannar da buhu ke yi wa daɓe. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a juya jimlar: in "A na tura B" ne, to ɗan uwansa "B na tura A" ne, ba wani abu na uku a ciki.

Haka nan kada a haɗa dokar da zancen "abin da ka shuka shi za ka girba". Wannan magana ce ta hali da sakamakon da ke zuwa daga baya, tana da nata muhalli. Dokar Niyuton ba ta san alheri ko mugunta ba, kuma ba ta jira gobe.

Masu tambaya a kan wannan darasi, musamman ɗalibai masu shirin jarrabawa da malamansu, ƙofa a buɗe take, a aiko mana za mu amsa a fili na gaba, inda za mu ɗauko doka ta biyu mu ga yadda nauyin kaya ke ƙara wa mota nisan birki. Kafin nan, mai babur ya ɗaure hularsa, mai amalanke ya duba ƙirjin jakinsa. Mu kwana lafiya.